Ranar da Na Ɗaga wa Surukina Yatsa

Shekara biyar surukina yana buga kurket a gasarmu ba a taɓa fitar da shi ba, kuma ni ne alƙalin wasa a duk shekarun nan biyar. Wanda ya san wasan na san ya riga ya fara yi mini kallon ɓarawo. To, a saurare ni tukuna.

Gasar tamu ba wata babba ba ce. Ƙungiya huɗu ce: Gwandu, Kalgo, Diggi da Wurogauri. Muna farawa bayan an gama yankan shinkafa, mu rufe kafin zafi ya kankama, kowace Asabar da hantsi. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne alƙali, ni ne kuma mai ɗaure doguwar tabarmar da ake shimfiɗawa a tsakiyar fili bisa rufin motar haya, domin guda ɗaya tak gare mu, duk garin da za a yi wasa can take kwana. Ba zaɓena aka yi ba. Ranar da aka zauna rabon aiki na fita amsa waya, na dawo na tarar an gama.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Ana kafa turaku uku a ƙarshen tabarma. Mutum ɗaya ya tsaya gabansu da katako mai kama da filafilin kwalekwale, wani ya sheƙo da gudu ya jefo masa ƙwallo mai taurin goruba. Aikin mai katako ya kare turakun, ya kuma buge ƙwallon ta yi nisa. In ta gangara har ta tsallake iyakar fili, wadda mu da toka muke zana ta, ya ci maki huɗu. Ana fitar da shi in ƙwallo ta kaɗe turaku, ko aka cafe ta a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare ta da ƙafa alhali turaku ta nufa. Sai dai akwai doka guda wadda duk labarin nan a kanta ya rataya: alƙali ba ya fitar da kowa sai masu jifa sun tambaye shi. Ko ya gani ƙuru-ƙuru da idonsa, in ba a tambaya ba, ya ja bakinsa ya yi shiru. In an tambaya, kuma gaskiya ce, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, mai bugu ya kama hanya. A wajenmu tambayar ita ce a juyo a daka wa alƙali tsawa a ce, "Ƙaƙa nan, alƙali?"

Wanda ya ƙirƙiro wannan doka bai taɓa zama a Gwandu ba.

Surukina tsohon hedimasta ne, ƙungiyar Gwandu yake buga wa. A makarantar kwana ya koyi wasan tun yana saurayi, shi ya kawo shi yankinmu, kuma duk wanda ya iya riƙe katako tsakanin Gwandu da Kalgo, ko dai shi ya koya masa, ko wanda ya koya wa ya koya masa. Kowa Malam yake ce masa. Ni Baba nake cewa, in dole ta sa sai na kira shi, domin 'yarsa nake aure. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya tun daga nesa nake sauka daga babur. Wannan mutumin ne yake shigowa fili kowace Asabar da farin wandonsa mai kari, ya tsaya gaban turaku taku ashirin daga inda nake tsaye. A gaya mini wane ɗan halak ne zai daka tsawa a kansa.

Ba wanda ya taɓa zama ya shirya abin. Haka kawai ya faru. Mai jifa zai sheƙo kamar zai tsaga ƙasa, da ya iso bakin tabarma sai hannunsa ya yi laushi, ya miƙa ƙwallo a hankali. Malam ya maka ta. Masu tsaron fili su bi ta a baya suna sassarfa, ba su cim mata ba, ba su bar ta ba, har sai sun raka ta ta tsallake toka. Wata rana ƙwallo ta tashi sama ta faɗa hannun wani manomi ɗan Wurogauri ba da saninsa ba. Ya dube ta, ya dubi Malam, ya sake ta ƙasa, ya ce rana ce ta shiga idonsa. Rana kuwa a bayansa take. Wata rana kuma tsautsayi ya sa ƙwallo ta kaɗe turaku har ɗaya ya kwanta. Kafin Malam ya juya, mai jifar da kansa ya ɗaga hannu ya ce ƙafarsa ta ƙetare layi, jifar ba ta ƙirgu ba. Ban taɓa ganin mutum ya kai ƙarar kansa da irin wannan sauri ba. Ni kuwa hannuna na cikin aljihu, doka ta rufa mini asiri, ba a tambaye ni ba.

Sau ɗaya aka taɓa tambaya. Wani Kirista ne daga wajen Zuru, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar da ke Kalgo, a shekararsa ta farko. Bai san dawan garin ba. Ƙwallo ta bugi ƙafar Malam, sai baƙon ya yi tsalle ya kwarara tambaya shi kaɗai. Fili ya yi tsit har ana jin kukan jaki daga fadama. Kyaftin ɗinsu na lokacin ya rugo ya ce mini sun janye, tari ne ya sarƙe bawan Allah. Mako guda mai shayin unguwarsu yana zuba masa shayi ba gaisuwa. Daga ranar ya gane hanya, har daga baya shi ya zama kyaftin ɗin Kalgo, kuma babu wanda ya kai shi iya raka ƙwallo.

Abin da ya sa lamarin ya wuce abin dariya shi ne Malam ya yarda. Da zuciya ɗaya ya yarda cewa hannunsa ne. Tun da ya bar aiki masu cika masa ƙofar gida suka ragu, masu neman sa hannu suka koma wajen sabon hedimasta, abin da ya rage masa shi ne Asabar. Ranar Juma'a bayan masallaci zai zauna a zaure yana shafa wa katakonsa man gyaɗa da tsumma. Duk baƙon da ya zauna a majalisarsa sai ya ji cewa shekara biyar ba a fitar da shi ba. Matata ta ce mini a lokacin gasa ne kawai yake cinye tuwonsa.

A shekara ta shida, kafin a fara, kyaftin uku suka tsare ni a wani aji a Kalgo. Na Diggi ne ya fara da zancen kofin gasa, ya ce, "Kohin nan ya shekara biyar Gwandu, har ya gane hanyar masallaci. In bana ma Malam bai hita ba, ka naɗe tabarmarka ka kai gida ku shanya albasa."

Na ce, "Ku tambaya, in ɗaga."

Na Wurogauri ya dafe ƙirji. "Mu? Malam na hwa. Shi yak koya man rubuta sunana. Kai ad da yatsa."

Na ce, "Ku ad da baki."

Na Kalgo, mutumin Zuru, ya ce shi dai ya taɓa gwadawa, kuma har yanzu yana son shayi. Haka muka tashi. Sun ba ni kaka ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutum talatin da uku ne suke lallaɓa tsohon nan kowace shekara, amma da aka tashi neman mai laifi ni aka gani. Na kuma san ba barazana ba ce. Samarin Diggi sun fara komawa ƙwallon ƙafa, inda ko ubanka ne ka iya kwashe masa ƙafa ka ce tsautsayi.

Wasanni suka yi ta tafiya yadda aka saba, Malam yana ta makawa, ana ta rakiya, har ya rage wasa ɗaya, Gwandu da Kalgo, a filin Kalgo. A makon nan aka yi suna a gidan ƙanen Malam. Ina rakuɓe a bakin rumfa da sauran surukai sai ga wani tsoho siriri ya shigo, baƙi wuluk, yana warin hayaƙin kifi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya miƙa hannu ya cire hular Malam ya ɗora a kansa, ya zauna ya jawo kwanon Malam ya tsame tsokar da ta fi girma. Da murya irin ta masu kira daga wancan gaɓar gulbi ya ce, "Bawana, har yanzu kana nan kana ɓata ma mutane abinci?" Na jira ƙasa ta tsage. Malam dariya ya yi har da share ido.

Na tambayi na kusa da ni. Aka ce taubashinsa ne, masunci daga Diggi. Ubansa da uwar Malam ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji, Malam ɗan mace, don haka duk abin da ya ga dama zai faɗa masa a gaban kowa, ba fushi, ba ƙara. A nan shaiɗan ya matso ya zauna kusa da ni, ban kuma kore shi ba.

Da na koma gida na buɗe dokokin gasa da na rubuta da hannuna. Duk mazaunin ƙaramar hukuma yana iya buga wa ƙungiyar hedikwatarta, Diggi kuwa a ƙarƙashin Kalgo take. Batun shekaru, da farko na sa iyaka, amma da na kai wa Malam ya duba ya sa jan biro ya soke layin, ya rubuta a gefe cewa kurket ba ta san tsufa ba. Jan biron nan nasa shi ya buɗe wa taubashinsa ƙofa.

Ni da kyaftin ɗin Kalgo muka hau babur muka je Diggi. Mun tarar da tsohon a gindin mangwaro yana ɗinkin taru. Na yi masa bayanin turaku da katako da toka, yana ta ɗinkinsa kamar ba da shi nake ba. Da na zo kan tambaya sai allura ta tsaya.

Ya ce, "Wato in yi mai ihu gaban jama'a, kuma doka ta ba ni?"

Na ce, "Doka ma ita ke so, Baba."

"Akwai gudu?"

"Babu. Tsayuwa ce kawai da baki."

Ya ce, "Kun makara da zuwa."

Dabarata mai tsabta ce, a ganina. Ko da jifa mai laushi, ƙwallo takan bugi ƙafar Malam sau biyu ko uku a wasa. Taubashi zai tambaya, ni in ɗaga yatsa kamar an tilasta mini, laifi ya tafi Diggi inda ba ya kama kowa. Malam zai fita sau ɗaya, ya ce tsautsayi ne da sharrin ɗan kawunsa, shekarunsa biyar suna nan daram. Gasa ta tsira, gidana ya tsira. Har yabon kaina na yi a hanyar dawowa.

Ranar Asabar filin Kalgo ya cika fiye da kullum, domin magana ta zaga. An gaya wa tsohon cewa da fararen kaya ake wasa, sai ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a da takalmin roba na shiga ruwa. Kyaftin ya tsayar da shi kusa da tabarma. Da Malam ya shigo ya gan shi sai ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wa yak kawo kihi tudu?" Taubashi ya ce ya zo ganin aikin bawansa ne.

Mai jifar Kalgo wani ɗan kabu-kabu ne mai haya da babur, dogo, tsohon ɗalibin Malam, wanda duk gasar babu mai zafin hannunsa. Tun bai saki ƙwallon farko ba taubashi ya kwarara, "Ƙaƙa nan, alƙali?" Na girgiza kai. Ya tambaya da Malam ya buga, ya tambaya da Malam bai buga ba, ya tambaya da akuya ta ratsa fili. Mutane suna ta faɗuwa da dariya, Malam ma yana yi. Na ce a raina komai yana tafiya daidai, saura ƙwallo ta sami ƙafa.

Can sai na lura taubashi ya yi shiru. Na manta da abu ɗaya: mutumin da ya shekara sittin yana kallon ruwa yana gane inda kifi yake, ba a yi masa wasan ido. Ya kalli yadda ɗan kabu-kabu ya jefa wa saurayin da ke bugu tare da Malam, domin bibbiyu ake shiga bugu, ƙwallo tana wucewa tana kuka. Ya kalli yadda ya jefa wa Malam. Ya bi wani mai tsaron fili da ido tun daga tsakiya har bakin toka. Sai ya ɗaga hannun riga ya ce a tsaya.

Da muryar nan tasa ta gulbi ya ce, "Wanga shi na wasan da kac cika muna kunne da shi? Bawana, yaran ga lallaɓa ka su kai. Wancan saurayi jihwa a kai mai. Kai ko miƙo maka a kai awa goro. Dubi wancan, ƙwallo na gabanai ya ƙi duƙawa, rakiya shi kai mata awa baƙuwa. Jikata ma ta buga wagga."

Wannan ba ya cikin abin da na koya masa.

Dariya ta ɗauke. Malam ya sauke katako. Ya fara duban masu tsaron fili ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi a aji in an fasa gilashin taga, kuma duk wanda idonsa ya sauka a kansa sai ya sunkuyar da kai. Ya dubi benci inda 'yan Gwandu suke, su ma haka. Ni ya duba daga ƙarshe. Ban gani ba, na dai ji a jikina, domin a lokacin ina nazarin takalmina.

Ya yafuto ɗan kabu-kabu. Yaron ya zo ya durƙusa.

"Wa yak koya maka jihwa?"

"Kai na, Malam."

"Hakanga nik koya maka?"

Yaron ya ƙara sunkuyawa.

"Koma. Jeho yadda nik koya maka. In ka rage ko ƙwaya, ban yahe ba."

Ɗan kabu-kabu ya wuce ta gefena yana dubana kamar zan cece shi. Ni da nake neman mai cetona.

Ta farko ta wuce kafin katakon Malam ya sauko. Ta biyu ma haka, ta gifta turaku da faɗin yatsa. Daga inda nake ina ganin gumi ya jiƙa hular Malam. A lokacin na ga tsufansa, wanda shekara biyar muka taru muka ɓoye masa muka ɓoye wa kanmu. Tausayi ya kama ni, da kunya, da haushin kaina. Na yi addu'ar ruwan sama, a tsakiyar rani.

Ta uku ta zo da zafin da ya fi na baya. Malam ya jefa ƙafar hagu gaba, ya sunkuya, katako ya sauko a miƙe. Ƙarar da ta fita ban taɓa jin irinta daga katakon nan ba. Ƙwallo ta kwanta a ƙasa ta miƙe tsakanin mutum biyu. Kyaftin ɗin Kalgo, gwanin rakiya, ya bi ta da gudun da ban san yana da shi ba, da ya ga za ta tsere ya yi wurgi da kansa a kan tsakuwa. Yatsunsa suka rufe a kan iska, ƙwallo ta tsallake toka. Fili ya ɗauka da tafi, 'yan Kalgo ma suna yi.

Ta huɗu ta bugi ƙafarsa. Daidai gaban turke na tsakiya, ƙasa da gwiwa. Makaho ma da kunne zai yanke wannan hukunci.

Duk fili aka juya ana duban taubashi. Mutumin da na je har Diggi na ɗauko saboda bakinsa, wanda ya tambaye ni hukuncin akuya, yana tsaye yana gyara wuyan rigarsa, bakinsa a rufe gam. Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wasa a kai da mutum yana tsaye. Ba a yi da shi in ya hwaɗi."

Ba a tambaya ba ke nan. Hannuna ya fara lallaɓawa zuwa aljihu da kansa, ya san hanya. Amma Malam bai gyara tsayuwa don jifa ta gaba ba. Ya dogara katako a ƙasa ya dubi ɗan kabu-kabu ya ce, "Mi kaka jira?"

Yaron ya cire hula. Ya juyo wajena, ya durƙusa a kan tabarma, ya motsa leɓe.

Malam ya ce, "Ban ji ba. Alƙali ma bai ji ba."

Yaron ya ɗaga murya ya ce, "Ƙaƙa nan, alƙali?"

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Na durƙusa ni ma, kaina a ƙasa, na ɗaga yatsan dama, hannun hagu yana tallafe da tsintsiyar hannun dama yadda ake miƙa wa babba abu. Wani mara tsoron Allah ya ɗauki hoton a waya: mai jifa a durƙushe, alƙali a durƙushe ba takalmi da yatsa a sama, wanda aka fitar shi kaɗai ne a tsaye. Har yau hoton yana yawo, duk roƙon da na yi a goge.

Malam ya saƙale katako a hammata ya fita a miƙe, bai yi sauri ba, bai waiwaya ba. Ya zauna a ƙarshen benci. Taubashi ya bar wurin tsaronsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya je ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Har aka tashi ban ga sun yi magana ba. Kalgo ta ci. Na miƙa musu kofi suka karɓa kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa.

Gasa ta tsira, ni kuwa na shiga uku. Kwana tara Malam bai fito majalisa ba. Matata ta je ta dawo ta ajiye mini abinci ba ta dube ni ba, ta ce, "Ka tsirar da tabarmarka." Ta ce tuwon da aka kai masa haka aka ɗauke shi. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada taubashi, na gwada kyaftin uku, na gwada wanda ya ƙirƙiro dokar tambaya, duk inda na ajiye shi sai ya biyo ni gida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kuma ba ɗaga yatsa ba ne laifin. Shekara biyar ɗin da hannuna ya yi a aljihu ne, ina kallon dattijo yana gina alfaharinsa a kan ƙaryar da muke kira ladabi.

Rana ta goma da safe ya aiko a kira ni. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin zaure. Katakon yana jingine a lungu, ba a shafa masa mai ba. Ya ce in matso. Na matsa. Ya ce in dube shi. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa faɗa mini haka ba, kuma ɗaga yatsa ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ba ni tambayarka shekarun baya. Na zamna na duba su da kaina, na san amsa. Guda za ni tambaya. Ta ukun nan, wadda tat tsallake toka. Ita ma ba ni anka yi?"

Na ce, "Wallahi, Baba, ita ka ci ta da hannunka. Da dukan ƙarfinsa ya jefo, da dukan ƙarfi aka bi ta."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Alƙalin da yas shekara biyar hannu aljihu, shedarshi ita kaɗai ba ta isa. Kawo man wanda yab bi ta."

Na haɗiye, domin na cancanta. Washegari na je Kalgo na ɗauko mutumin Zuru a bayan babur, yana ta tambayata ko sai ya sayi goro. Da muka durƙusa, Malam ya ce masa ya ga ya faɗi ranar nan, yana so ya ga wurin. Kyaftin ya naɗe ƙafar wando. Tun daga gwiwa har tsakiyar ƙwauri fata ta sale, ta yi ɓawo baƙi. Malam ya sa tabarau, ya sunkuya, ya duba sama, ya duba ƙasa, har ya sa yatsa ya taɓa gefen, kamar mai duba aikin gida.

Ya ce, "So ka yi ka tare ta?"

Kyaftin ya ce, "Malam, da na kama ta da na fi kowa murna. Wandon ma ya yage, madam ba ta yafe mini ba har yanzu."

Malam ya cire tabarau. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce in miƙo littafin maki, wanda ya umarce ni in zo da shi. Ya ciro jan biro daga aljihun gaba, ya buɗe tun daga shekarar farko, duk inda sunansa yake ya ja layi a kai. Shafi bayan shafi. Na ce, "Baba, ai ba duka ba ne, akwai waɗanda..." Bai ko ɗago ba. Da ya iso shafin ƙarshe ya soke duk abin da ya ci a wasan Kalgo kafin taubashi ya tona asiri, ya bar huɗu ɗin nan kaɗai. Ya zagaye ta da ja, yadda yake yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙi fura, shi ma a zubo masa.

Da kaka ta zagayo ya dawo fili da farin wandonsa. Yanzu shi ne na ƙarshe a jerin masu bugu, kuma kusan kowace Asabar sai an fitar da shi, wani lokaci a jifa ta farko. Yakan tsaya ya yi mini gardama, ya ce idona ne ya lalace. Durƙuson kuwa ya zama al'ada a gasarmu: in dattijo ne ke bugu, a durƙushe ake tambaya, a durƙushe nake amsawa. Baƙi daga wasu garuruwa suna yi mana dariya, mu kuwa ko a jikinmu. Taubashi bai sake bugawa ba, amma yana zuwa kallo, yana gaya wa kowa cewa iska ce ta tura ƙwallon nan.

A majalisa Malam ya daina zancen shekara biyar. Duk baƙon da ya zauna yanzu, labarin maki huɗu zai ji: yadda ta farko ta wuce, yadda ta biyu ta wuce, yadda ya jefa ƙafar hagu gaba, da tsawon ciwon da ke ƙafar mutumin Zuru, wanda kowace shekara yake ƙara taƙi ɗaya. Na ji shi ya fi a ƙirga. Shi kaɗai ne labarinsa na kurket da nake iya saurara ina kallon fuskarsa.